Darasin Wannan Wata: In Mota Tana Ƙwanƙwasa Idan An Taka Totur

Darasinmu na wannan wata a kan mota ne. Ba mai mota kaɗai ya shafa ba. A ƙauyukanmu da yawa mota ɗaya ce ko biyu. Ita ke kai hatsi kasuwa. Ita ke ɗauko taki. Ita ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare. Ranar da ta kwanta, kowa sai ya ji a jikinsa.

Akwai wata ƙara da direbobi ke yawan kuka da ita. Mota tana tafiya lafiya lau. Da direba ya taka totur don ya ƙara wuta, sai a ji ƙwanƙwasa daga gaba. Ya ɗaga ƙafa, ta ɗauke. Ya sake takawa, ta dawo. Wani direban sai ya ƙara muryar rediyo ya ci gaba da tafiya. Wani kuma sai hankalinsa ya tashi, ya ruga gareji ya ce a sauke inji.

Duka biyun akwai gyara a lamarinsu. Ƙarar nan ba iri ɗaya ba ce. Wata maganinta bai wuce sauya giya ko sayen fulogi ba. Wata kuwa in aka ƙara tafiyar kilomita biyu da ita, inji ya buga. Abin da za mu koya shi ne yadda ake rarrabe su da kunne, tun kafin a fitar da kuɗi.

Abin da ke faruwa a cikin inji

Kowa ya san turmi da taɓarya. To, a cikin inji akwai ramuka masu kama da turmi. Sunansu silinda. A cikin kowane akwai ƙarfe mai hawa da sauka kamar taɓarya. Sunansa fistin. Yawancin motocin da ke shiga ƙauye silinda huɗu gare su.

Fetur da iska suna gauraya su shiga silinda. Fistin ya hau ya matse su. Sai fulogi ya ba da tartsatsin wuta. Wutar ta ci fetur ɗin daga gefen fulogi ta bazu, kamar yadda wuta ke cin ciyawa daga bakin gona zuwa ƙarshe. Ƙarfin wutar ya tura fistin ƙasa. Fistin yana haɗe da wani hannu na ƙarfe. Hannun yana juya babban ƙarfen da ke ƙasan inji, wanda makanikai ke kira karanshaf. Daga nan ƙarfi ke bi ta giya ya kai ga tayoyi.

Abin yana da sauri ƙwarai. In inji yana juyi 3,000 a minti ɗaya, kowane fistin yana hawa da sauka sau 50 a daƙiƙa ɗaya. Ka ga ke nan ƙaramar matsala ba ta daɗewa tana ƙarama.

Gwajin farko, kuma kyauta ne

Kafin komai, dubi fitilun da ke gaban sitiyari. Akwai wata ja mai hoton 'yar buta da ɗigon mai a bakinta. Fitilar baƙin mai ke nan. In tana kamawa ko tana ƙyaftawa alhali inji na aiki, ga kuma ƙara, to babu sauran gwaji. Gangara gefen hanya ka kashe mota.

In fitilar ba ta kama ba, tsaya a wuri mai shafe. Ja birkin hannu. Cire giya. Taka totur a hankali ka saurara. In ƙarar ta fito alhali mota na tsaye, daga cikin ƙarafan inji take. In ba ta fito ba sai ana tafiya, musamman a hawa ko da kaya, to ko dai ƙonewar fetur ce ba ta tafiya daidai, ko kuma wani abu ne a ƙarƙashin mota ya saki. Wannan ɗan gwajin ya raba maka hanya biyu.

Ƙara mai kama da tsakuwa a gwangwani

Wannan ita ta fi yawa, don haka za mu daɗe a kanta. Siririya ce. Kamar ka zuba tsakuwa a gwangwanin madara ka girgiza. Tana zuwa ne lokacin da inji ke shan wahala: ana hawan tudu, ko an yi lodi mai nauyi, ko direba na son ya wuce wata mota. Da an ɗaga ƙafa sai ta yi shiru.

Mutane da yawa suna zaton wani ƙarfe ne ya kwance a ciki. Ba haka ba ne. Mun ce wuta tana tashi daga fulogi ta bazu a hankali. To, in zafi da matsi suka yi yawa, ragowar fetur ɗin da wuta ba ta kai gare shi ba sai ya fashe da kansa gaba ɗaya. Ƙarfin fashewar ya daki kan fistin da bangon silinda kamar guduma. Dukan nan shi kake ji.

In sau ɗaya ne jefi-jefi, ba ya kashe inji. Amma in kullum ne, yana karya zobban fistin, yana ƙona gaskit, har yakan huda kan fistin. Kuma dukan yana sauka har kan ƙarafan ƙasa. Ƙaramar ƙarar da aka raina ita ke haifar da babbar.

Me ke kawo ta? Bari mu fara da wanda ba ya cin ko kwabo.

Na farko, ƙafar direba da hannunsa. Ana cikin giya ta huɗu, an zo tudu, gudu ya ragu. Maimakon direba ya koma ta uku ko ta biyu, sai ya danne totur har ƙasa. Wai yana tattalin mai. Wannan ba tattali ba ne. Kamar ka ɗora wa jaki mangala biyu ne ka ce ya hau jigawa da gudu. Direbobin da ke bin Hawan Kibo a hanyar Jos sun san ana sauya giya ne tun a gindin tudu, ba sai mota ta fara kakari ba. Sannan a lura da lodi. Buhun masara mai kilo 100 in ya kai goma, tan guda ke nan. Ƙaramar mota ba a ƙera ta don tan guda da fasinja a kai ba. In ka sauya giya ƙarar ta ɓace, kuma ba ta zuwa sai a irin wannan hali, to ka gyara tuƙinka tukuna ka gani.

Na biyu, man da aka sha. Fetur mai kyau yana jure matsi, ba ya fashewa sai fulogi ya ba shi wuta. Masana suna auna wannan juriya da wata lamba da ake kira okten. Kananzir da man gas ba su da wannan juriya. In ɗayansu ya gauraya da fetur, ko da ba da yawa ba, inji zai yi ta ƙwanƙwasa. A ƙauye sau da yawa gidan mai yana da nisa, dole a saya wurin 'yan bumburutu. Ba dukansu ne ke algus ba. Amma jarka ɗaya takan ɗauki gas yau, gobe ta ɗauki fetur. Tambayi kanka: yaushe ƙarar ta fara? In washegarin da ka sha mai a wani sabon wuri ne, ka kama ɓarawonka. In man kaɗan ne a tanki, cika shi da mai kyau daga gidan mai. In ya yi yawa kuma ƙarar ta tsananta, gara a juye shi. A yi juyen a fili, nesa da wuta da mai shan taba.

Ga wani ɗan labari a kan wannan. Tun shekarar 1923 aka fara sayar da fetur mai haɗe da sinadarin dalma a Amurka, don kawai a kashe wannan ƙara. Ya kashe ƙarar kuwa. Amma hayaƙin ya zama guba, musamman ga ƙwaƙwalwar yara. Mutanen Zamfara sun ga irin ɓarnar dalma a shekarar 2010, ko da yake tasu daga dutsen zinariya ta fito, ba daga mota ba. Ƙasashe suka yi ta hana wannan fetur ɗaya bayan ɗaya. Aljeriya ce ta ƙarshe, a shekarar 2021.

Na uku, zafi. Inji mai zafi fiye da kima yana saurin ƙwanƙwasa. Dubi allurar gejin zafi. In ta wuce tsakiya tana neman ja, tsaya. Bari inji ya huce sosai kafin ka taɓa murfin lagireto. Wanda ya buɗe shi da zafi, ruwa mai tafasa zai wanke masa fuska. In ya huce, duba ruwa. Duba bel ɗin fanka ko ya yi sako-sako. In fankar ta lantarki ce, duba ko tana tashi. Sannan leƙa gaban lagireto. Lokacin kaka ƙaiƙayi da ƙura da fara sukan toshe ƙofofinsa, iska ta kasa wucewa. A wanke shi da ruwa daga baya zuwa gaba. Ruwan kududdufi kuma ba na lagireto ba ne. Laka da kanwar da ke ciki suna toshe hanyoyinsa.

Na huɗu, fulogi. Kwance su ka jera su bi da bi, don ka san na wace silinda ne kowanne. Fulogi mai lafiya bakinsa ruwan ƙasa-ƙasa ne. In ya yi fari fat ko ya fara narkewa, zafi ya yi yawa ko fetur ya yi kaɗan. In ya yi baƙi da maiƙo, baƙin mai na shiga inda bai kamata ba. A jikin kowane fulogi akwai haruffa da lambobi. Ba ado ba ne. Su ke nuna irin injin da ya dace da shi. Akwai fulogin da ke riƙe zafi, akwai mai saurin hucewa. In aka sa mai riƙe zafi a inda ba wurinsa ba, bakinsa kan yi ja kamar garwashi ya kunna fetur tun lokaci bai yi ba. Nan karatu ke da rana. Kwafi lambar da littafin motar ya faɗa a takarda, ka je kanti da ita. Kada ka yarda da “ai duk ɗaya ne.”

Na biyar, taimin. Wato lokacin da fulogi ke ba da wuta. Ana so wutar ta zo gab da fistin zai kai ƙarshen hawansa. In ta riga lokaci da yawa, fistin na hawa wuta na tura shi ƙasa, sai ƙara. Tsofaffin motoci irin Peugeot 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a shekarar 1975, suna da dilko. Shi ke raba wuta ga fulogai. Ana kwance ƙusa ɗaya a ɗan juya shi, taimin ya sauya. Wasu direbobin sukan ce a ƙara musu taimin don mota ta yi zafin nama. Tana yi kuwa, amma inji ke biyan bashin. Akwai fitila ta musamman da ake saita taimin da ita. Bakaniken da ke da ita ya fi wanda ke saitawa da kunne. In za a taɓa dilko, a fara sa masa alama da alli, don a san inda yake tun farko.

Na shida, ƙarancin fetur a cikin gaurayen. In iska ta fi ƙarfin fetur, wuta tana zafi da yawa. Rariyar mai da ta toshe tana kawo haka. Famfon mai da ya gaji, ko datti a kafireto, ko tiyon iska da ya tsage, duk suna kawowa. Rariyar mai ba ta da tsada. Mai bin hanyar burji ya riƙa sauya ta a kai a kai.

Na ƙarshe, kunkunniya. Yadda hayaƙi ke tara baƙi a rufin madafa, haka yake tarawa a kan fistin. Makanikai suna ce masa kabon. Yana rage filin da ke cikin silinda, matsi ya ƙaru. Yana kuma riƙe wuta kamar garwashi. Alamarsa ɗaya ita ce ka kashe makulli amma inji ya ci gaba da kakkarwa na ɗan lokaci. Motar da ke shan baƙin mai tana fitar da shuɗin hayaƙi ta fi tara shi. Gyaransa sai an buɗe kan inji an kankare, an sa sabon gaskit. Shi ya sa muka bar shi a ƙarshe. Kada a fara da shi.

Motocin da suka zo daga baya ba su da dilko irin wanda ake juyawa da hannu. Kwamfuta ce ke saita taimin. A jikin injinsu akwai wata 'yar na'ura mai sauraron ƙwanƙwasa. Da ta ji, sai kwamfuta ta ja taimin baya da kanta. In na'urar ta mutu ko wayarta ta tsinke, mota takan rasa ƙarfi, ta ƙara shan mai, wani lokaci ta yi ƙara. Sau da yawa fitila ruwan ɗorawa mai hoton inji takan kama. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka daga shekarar 1996 zuwa yau duk suna da wurin da ake jona na'urar bincike a ƙarƙashin sitiyari. A irin wannan mota, kuɗin da za ka biya a jona na'urar ya fi sauƙi a kan sayen kaya da ka. Kuma kada ka bari a cire ƙwan fitilar don ta daina damunka. Wanda ya toshe bakin mai rashin lafiya bai warkar da shi ba.

Ƙara mai nauyi daga ƙasan inji

Wannan ita ce mai kashe inji. Ba siririya ba ce. Tana da kauri, kamar ana buga ƙyauren katako da dunƙulen hannu, ko ana daka daga gida na uku. Daga ƙasa take fitowa. Tana bin gudun inji: ka ƙara wuta ta ƙara sauri. Ana jin ta ko mota na tsaye. In inji ya ɗau zafi takan ƙaru, domin baƙin mai ya tsinke.

Ka tuna hannun fistin da ke juya karanshaf. A mahaɗarsu akwai wasu siraran ƙarafa masu lanƙwasa, makanikai na ce musu metal. Tsakanin metal da karanshaf ɗan fili ne da bai wuce kaurin gashin kai ba. Baƙin mai ke cika filin, ya hana ƙarfe ya goga ƙarfe. In mai ya ƙare, ko ya tsufa, ko ƙura ta shiga cikinsa, metal ya cinye. Fili ya buɗe. Duk juyi sai hannun ya daki karanshaf.

In aka ci gaba da tafiya, ɗayan biyu ne. Ko ƙarafan su narke su kama juna, inji ya tsaya cak. Ko hannun ya karye ya fasa jikin inji ya fito. Abin da ake nufi ke nan in aka ce inji ya buga. A lokacin ba maganar gyara ake ba, maganar sayen wani inji ake.

Saboda haka in ka ji wannan ƙara, kashe mota. Jira minti biyar, ka zaro sandar awon baƙin mai. Goge ta da tsumma, mayar, ka sake zarowa. Akwai alama biyu a jikinta. A wata an rubuta L da F. A wata MIN da MAX. A wata ɗigo biyu ne kawai. Ta ƙasa tana nufin ya yi kaɗan, ta sama tana nufin ya cika. Tsakaninsu kamar lita ɗaya ne a yawancin ƙananan motoci. In mai bai kai alamar ƙasa ba, ƙara shi. Tayar da inji ka saurara na ɗan lokaci. In ƙarar na nan, kashe. A nemo igiya da wata mota a ja ta. Mun san ranar kasuwa ce, ga fasinja na gunaguni, ga tumatir zai lalace. Duk da haka, kuɗin ja da asarar yini ɗaya ba su kama ƙafar kuɗin inji ba.

Bakanike mai sani zai juye baƙin man a kwano ya duba a rana. In ya ga ƙyalli kamar garin ƙarfe, metal ya ci. A tsohuwar mota yakan cire wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya alhali inji na aiki. Wadda aka cire ƙara ta ragu, silindarta ce mai ciwon. Kada ka gwada wannan da hannunka, wutar fulogi na fizga. Daga nan sai a kwance kaskon mai na ƙasan inji. In an yi sa'a an tsaya da wuri, sauya metal ya isa. In karanshaf ya yi zane, sai an kai shi wurin masu wasa shi. Bayan wasawa ana sa metal mai ɗan kauri don ya cike abin da aka rage. Za ka ji suna cewa 010 ko 020. Tambaya a rubuta maka lambar. In aka wasa a 010 aka sa metal na asali, ƙara za ta dawo cikin 'yan kwanaki. A duba famfon baƙin mai da rariyarsa a lokacin, tun da an riga an buɗe.

Akwai masu zuba mai mai kauri sosai don ƙarar ta lafa. Ba magani ba ne, rufa-rufa ce. Mai sayen tsohuwar mota ya kiyaye da wannan. Zaro sandar awo ka taɓa man. In ya yi danƙo kamar zuma, yi tambaya. Kuma kada ka saya sai ka tuƙa ta har inji ya yi zafi.

Rigakafin wannan ciwo baƙin mai ne. Duba shi kowace safiya kafin a tayar da mota. Mai bin hanyar ƙura ya juye shi tare da rariyarsa kamar kowane kilomita 5,000. Karanta lambar da ke jikin galan. Tsofaffin injuna da yawa 20W-50 suke sha. Na baya-bayan nan sukan so mai ruwa-ruwa irin 5W-30. Littafin mota ko murfin wurin zuba mai yakan faɗa. Baƙin man da ake aunawa a kwalba ba hatimi ba suna, ba ka san ko daga wani injin aka juyo shi ba. A ganinmu, in za a yi tsimi a mota, a yi shi a fenti da kujera, ban da baƙin mai.

Akwai wasu ƙararrakin inji da ba su kai wannan haɗari ba. Tafet yana cas-cas a saman inji kamar keken ɗinki, ko ba a taka totur ba. Saiti yake so, ko mai bai kai gare shi ba. Fistin da ya ɗan cinye yakan yi ƙara da sanyin safiya, ya yi shiru in inji ya ɗumama. Don ka san daga ina ƙara take, ɗauki doguwar sukundireba ko sanda. Ɗora bakinta a jikin inji, ka kara kunne a ƙotar. Gwada sama, gwada ƙasa. Amma naɗe hannun riga, ka tuɓe babbar riga, ka ajiye rawani ko mayafi. Fanka da bel ba sa tambaya.

In ba inji ba ne

Wani lokaci injin lafiyarsa ƙalau, ƙarƙashin mota ne. In ƙarar guda ɗaya ce, gwaf, daidai lokacin da ka taka totur, sannan wata gwaf in ka saki, zargi robobin da inji ke zaune a kansu. In sun tsage, inji yakan ɗaga ya daki jikin mota. Buɗe bonet, wani ya taka birki sosai ya sa giya ya ɗan ba ta wuta, kai kuma ka tsaya daga gefe kana kallo. Daga gefe muka ce, ba a gaba ba. In inji ya yi tsalle, ka gano.

Motoci irin Golf da tayoyin gaba suke ja. Kowace tayar gaba tana da shaf, a bakinsa akwai gaɓa da aka rufe da roba mai cike da giris. Ƙaya ko kututturen kara ya yaga robar, giris ya zube, yashi ya shiga. Sai ka ji ƙas-ƙas-ƙas in ka karya kwana kana ba ta wuta. Leƙa bayan taya. In ka ga giris ya fantsama, robar ta yage. Wanda ya sauya roba da wuri ya tsira da shaf ɗinsa.

Motocin da ke ja da baya, irin bas Hiace da a-kori-kura, suna da dogon ƙarfe a ƙarƙashi mai kai ƙarfi ga tayoyin baya. Shi ne farfela. In gaɓarsa ta cinye, yana ƙara lokacin tashi, mota kuma tana rawa in ta ɗau gudu. Kada a yi wasa da shi, in ya tsinke a kan gudu yana iya kayar da mota. Salansa da ta saki ma tana bugun ƙasan mota. Haka notin taya da bai ɗauru ba. Wannan kam minti biyu ya isa a duba shi. Duk wanda zai shiga ƙarƙashin mota, kada ya dogara da jak kaɗai. A tokare da ƙaton gungume, a sa dutse a bayan taya.

Mai motar gas ya sani cewa injinsa dama mai ƙara ne, haka halittarsa take. Abin lura shi ne in muryar ta sauya. In ƙara ta ƙaru tare da hayaƙi baƙi ko fari, sau da yawa nozul ne ko saitin famfon gas. Babur da injin ban-ruwa mai fetur kuwa, abin da muka faɗa a kan mai da fulogi da zafi da baƙin mai duk ya hau kansu.

In ka je gareji

Kada ka tsaya a “Maigida, motar nan tana ƙara.” In ka faɗi haka kawai, ka bar bakanike da lalube, kuma da kuɗinka zai yi laluben. Ka ce: “Maigida, tun ranar Laraba da na sha mai a hanya take yi. Siririyar ƙara ce. Ba ta yi sai a hawa, a giya ta huɗu, in inji ya yi zafi. A tsaye ba ta yi. Jar fitila ba ta kama ba.” Bakaniken kirki da ya ji wannan ya san inda zai fara, kuma ba zai ce a sauke inji ba.

Sayi ƙaramin littafi ka ajiye a mota. Rubuta ranar da aka juye baƙin mai da lambar kilomita da ke gaban sitiyari a ranar. Rubuta lambar fulogi. Rubuta inda ka sha mai. In ba kai ke tuƙi ba, ɗora wa direba ko yaron mota wannan aiki, ka riƙa dubawa duk mako.

In an sauya wani abu, karɓi tsohon ka gani da idonka. In an gama, kada ka biya ka tafi. Ɗauki bakaniken ku fita tare. Bari inji ya yi zafi. Ku je tudun nan da take yin ƙarar, a giyar da take yi, da kaya in zai yiwu. Ku kashe rediyo, ku sauke gilashi, ka taka totur ku saurara.